Ni Ke Jifa, Shi Ke Cafewa

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, tsakaninmu shekara biyu. Mahaifinmu magini ne a Wudil, kuma tun ina ɗan shekara goma sha biyu aka nuna mini wurina a sana'ar, wato ƙasa, a gindin katanga. Ƙanena da ya tasa sai aka ɗora shi sama, kusa da Baba. Daga nan ciwon ya fara, kuma ba zan ce ya warke ba har yau da nake rubutun nan da furfura.

Wanda bai ga ginin ƙasa na lokacin ba sai an ɗan yi masa bayani. Ba a hawa da tubali ta tsani. Magini yana zaune a kan katangar da yake ginawa kamar wanda ya hau jaki, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, na ƙasa kuma yana jefa masa tubali da curin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Tubalinmu ba irin bulon yanzu ba ne. Mulmulalle ne, mai faɗin gindi da ɗan tsini a kai, an shanya shi ya bushe ƙarau. Idan katanga ta kai tsayin mutum biyu, jifan ya wuce wasan yara. Da hannu biyu ake yi. Ka duƙa ka ɗauko tubalin daga tsakanin gwiwoyinka, ka sake shi ba tare da ya juya ba, ya tashi a hankali ya kai daidai ƙirjin mai karɓa, ya ɗan tsaya cak a iska kamar yana jira a ɗauke shi. Wannan 'yar tsayawar ita ce duk sana'ar mai jifa. Ni na iya ta, kuma na san na iya.

Amma mai wucewa ba ya kallon ƙasa, sama yake ɗaga kai. Can kuwa ƙanena yake, yana cafe tubali yana miƙa wa Baba. Gaskiya ba zan ɓoye ba, Allah ya yi wa yaron nan hannu. Yana hira yana cafewa, yana dariya yana cafewa, wani lokaci da hannu ɗaya, ko kallon tubalin bai yi ba. Duk cafewar da ya yi sai in ji Baba ya ce "Yawwa!" ya haɗa da sunansa. Wuni guda ina jin yawwar nan tana sauko mini a ka, ni kuma gumi yana shiga mini ido.

Ni ne ɗan fari, a gidanmu kuwa ba a wasa da kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce "kai", in yana magana a kaina sai ya ce "wancan". Yabo kuwa ko a mafarki. Inna ma haka, in na shigo sai ta kawar da kai ta sa a miƙo mini tuwo. Kowa ya san al'ada ce, ni ma na sani, amma sanin bai hana abin cin raina ba. Kakata, uwar Baba, ita kaɗai ke kiran sunana, ita ma don tsokana. In ta ga na haɗe rai sai ta ce, "Mijin nan nawa sai kumburi kamar kwaɗo. Ubanka ba zai yabe ka ba ko masallaci ka gina kai kaɗai. Ni ma haka na yi masa, ga shi bai mutu ba."

To ni ban ce zan mutu ba. Abin da nake so bai fi kalma ɗaya ba. Baba ya buɗe baki sau ɗaya tak ya ce hannun nan na ƙasa ma ya iya aikinsa, shi ke nan.

Ƙwallo ya shigo mana ne ta hannun wani malamin elementare da aka kawo daga birni, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai. Ƙwallon fata ne mai ɗauri da igiya, in ka sa masa kai daidai ɗaurin sai ka ji har a haƙoranka. Da rani, idan kogi ya ja da baya ya bar rairayi, nan samari ke haɗuwa bayan la'asar. A kafa kara biyu nan, biyu can, a tuɓe riguna, kowa ba takalmi. Mukan tashi daga wurin gini mu wanke ƙasar jikinmu a kogi, mu shiga wasa.

A nan ne karon farko na fi ƙanena a wani abu da mutane ke gani. Ina da ƙafa. In na narka wa ƙwallo duka, mai tsaron gida kan fara neman inda zai ɓoye fuskarsa. Ƙanena kuwa abin tausayi. Gudu ba shi da shi, in ya bugi ƙwallo sai ya nufi inda ba kowa. In ana zaɓen 'yan wasa shi ake bari ƙarshe. Wata biyu na yi ina shan iska, har tafiyata ta sake. Ni da bakina na ce wata rana, "Ku tura shi tsakanin kara ya tsaya, tun da ba ya tsinana komai a ciki." Da na san abin da nake yi da na ciji harshena.

Daga ranar ba a sake cin gidan da yake tsaro cikin sauƙi ba. Mutumin da ya saba cafe busasshen tubali yana zaune a kan katanga, me ƙwallo zai yi masa? Yana ganin ƙafar mai bugu ya riga ya san inda za a aika. Ba ya ihu, ba ya tsalle-tsallen banza. Sai dai ka buga ka ga ƙwallon a ƙirjinsa, ya rungume shi kamar jariri. Yara suka fara kiransa mai danƙo a hannu. Har tsofaffi masu dawowa daga kasuwar Juma'a sukan tsaya da sandunansu su kalle shi, su da ke cewa wasan shiririta ne.

Da kakar gyaɗa wani akawun kamfanin sayen gyaɗa ya zo daga Kano ya kafa sikeli a garin. Mutum ne mai son ƙwallo, kuma kamfaninsu yana da kulob a birni. Kwana uku yana zuwa bakin kogi da farar rigarsa yana kallo. Ni na ɗauka ni yake kallo, don a kwanakin nan na ci ƙwallaye har na daina ƙirgawa. Ran na uku ya kira mu mu biyu. Ya tambayi malamin, "Wa ya fi kowa ƙarfin bugu a nan?" Malam ya nuna ni. Zuciyata ta yi fari tas. Akawu ya auna taku goma sha biyu daga tsakanin kara, ya ajiye ƙwallo, ya dube ni ya ce, "Buga wa ɗan'uwanka sau goma. Kada ka tausaya masa."

Tausayi? Ai ranar da nufin in kunyata shi na buga. Na aika sama, na aika ƙasa, na aika kusurwa, sau ɗaya ma fuskarsa na nufa, Allah ya yafe mini. Biyu suka wuce, takwas ya tare. Akawu ya kama tafin hannunsa yana jujjuyawa yana dubawa kamar mai sayen bijimi a kasuwar shanu. Ni kuwa ya dafa kafaɗata ya ce, "Madalla, ka taimake ni." Sai a lokacin na gane ni ba gwada ni ake yi ba, da ni ake gwaji. Da na buga masa a hankali da wataƙila akawun bai ga komai ba.

Bayan sati biyu ƙanena ya hau motar Kano da ɗan akwatinsa. Sunan aikin masinja, amma kowa ya san hannunsa aka ɗauka. Na raka shi tasha, na yi masa addu'a da baki.

Na lallashi kaina da cewa ko ba komai wurin sama ya zama nawa. Ina! Baba ya aika Utai aka kawo ɗan ƙanwarsa, wani dogo mai sanyin jiki, ya ɗora shi a katanga. Ni aka bar ni a ƙasa inda nake. Ban tambayi dalili ba, don ɗan fari ba ya tsare ubansa da tambaya, shi ma bai faɗa ba. Na ƙulla abin a raina, na ce wato ko babu ƙanena ban isa hawa ba.

Shekara huɗu ƙanena yana tsaron gida a Kano, labarinsa yana zuwa mana a bakin direbobi da 'yan kasuwa. An ce ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida har biyu a wasa ɗaya. An ce wani kulob ya so ya ɗauke shi kamfanin ya ƙi. An ce an kai su wani gari a jirgin ƙasa, 'yan garin da kansu suka ɗaga shi a kafaɗa bayan an tashi. Bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba, bugunsa ma har lokacin abin dariya ne, wani ne ke buga masa in ƙwallo ya fita. Amma kulob ɗin ba ya shiga fili ba shi. Wata rana aka kawo jarida da hotonsa yana shawagi a iska. Baba, wanda bai taɓa kallon wasan ƙwallo ba kuma ba ya karanta boko, ya ninke takardar ya sa cikin hularsa. Duk baƙon da ya zauna a zaurenmu sai an ciro an nuna masa. In na ga hannun Baba ya nufi hula sai in tashi in ba su wuri.

Sau ɗaya na je na gani da idona. Fili cike da mutane, shi yana sanye da riga mai dogon hannu da takalmi, har da hular hana sallah. Wani ɗan gaba ya saki bugu irin wanda ni ma na san ba a tarewa, ƙanena ya miƙe jikinsa gaba ɗaya ya ture shi da 'yan yatsu. Filin ya ɗauki ihu. Mutumin da ke kusa da ni ya rungume ni bai san ni ba. Ni kuwa hannuwana suka ƙi haɗuwa su yi tafi. Ina kallon yadda ya buɗe tafinsa kafin ƙwallo ya iso, ina cewa a raina, wannan ai ni na koya masa, tubalina ne ya buɗe hannun nan haka. Bayan an tashi ya ja ni wurin abokan wasansa da murna ya ce, "Ga Yayana." Ɗaya ya ce, "Shi ma yana taɓawa?" Ƙanena ya ce, "A'a, magini ne." Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma har na iso Wudil maganar tana cin raina.

A rani na biyar aka ba shi hutun kwana uku kafin wani babban wasa da za su yi da baƙi, ya zo gida. Lokacin muna gina wa wani dillalin shanu soro a Indabo, katanga ta yi nisa sosai, har an fara jera azarar rufi ta gefe ɗaya. Ƙanena ya ce zai bi mu ya ga gari. Muna isa ya ga katanga, sai marmari ya kama shi. Ya cire takalmi ya naɗe wando ya hau, ya ce wa ɗan Utai ya sauka ya huta. Baba bai hana ba, fuskarsa ma har wani haske ta yi.

Kafin hantsi labari ya zaga ƙauyen cewa golan Kano yana kan katangar dillali. Mutane suka taru, har mata suna leƙe ta saman danga. Ina jifa yana cafewa, duk cafewa sai a yi shewa. Ya fara yi musu wasa, ya karɓa da hagu, ya karɓa da dama, ya karɓa yana kallon wani wuri. Baba yana yawwa, yawwa. Ba wanda ya lura cewa tubalin da kansa yake zuwa ya tsaya masa a gaban hannu. Na daure, ina ta jifa. Sai wani tsoho mai carbi, da ke tsaye dab da ni, ya ce da ƙarfi, "Kai, wannan yaro ko makaho ne ke jefa masa ai zai cafe!" Aka fashe da dariya. Na ɗaga kai, na ga Baba ma yana murmushi.

Na duƙa na ɗauki tubali. Ina so in faɗi daidai abin da na nufa, ba ƙari ba ragi. Ban nufi in ji masa ciwo ba. So nake ya saki guda ɗaya a gaban mutanen nan, su san jifa ma aiki ne. Na murza tubalin da yatsu yayin da nake sakinsa, na aika shi yana juyi, ƙasa-ƙasa, ta hagunsa, can wajen bakin azara.

A gini akwai ƙa'ida, kuma kowane yaron magini ya san ta: mugun jifa ba a bin sa. Ka janye hannunka ka bar shi ya faɗi, tubali ba tsada gare shi ba. Ƙanena ya san wannan tun yana ƙarami, kuma a kan haka na dogara. Abin da ban lissafa ba shi ne shekara huɗu ana biyansa don kada ya bar komai ya wuce. Jikinsa ya riga tunaninsa. Ya kwanta ta hagu ya miƙa hannu, ya cafe tubalin daidai lokacin da ya iso bakin azara, yatsunsa suka shiga tsakani. Na ji ƙarar daga ƙasa. Bai saki tubalin ba. Ya ɗago shi ya ajiye a kan katanga a hankali, sannan ya duba hannunsa. Mutane suka fara shewa, don sun ga cafewa mafi kyau ta ranar, sai suka ga yatsu biyu sun kalli inda bai kamata ba.

Bari in faɗi abin da ya zama na hannun tun yanzu. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ɗan yatsan tsakiya ya warke a karkace, ba ya lanƙwasuwa. Babban wasan aka yi ba shi. Ya koma Kano ya ƙara shekara biyu yana tsaro, sai dai ƙwallon da a da yake cafewa yanzu ture shi yake yi, wani lokaci ya ture wa abokan gaba. Aka kawo wani yaro aka sa a gabansa, daga baya aka mai da shi sito yana ƙirga buhuna. A nan ya yi aiki har ya tsufa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma 'ya'yansa har yau sun san tsautsayi ne.

Amma ranar, bayan mun dawo daga wurin mai ɗori, muka zauna a zaure mu uku, la'asar ta yi sanyi. Ƙanena ya jingina da bango, hannu ɗaure da karare da tsumma, gumi yana tsattsafo masa don zafi. Ni ina bakin ƙofa kaina a ƙasa. Baba yana zaune a kan tabarma. Ƙanena ne ya fara magana.

"Baba, tsautsayi ne," in ji shi. "Hannun Yaya da gumi, tubalin ne ya suɓuce masa. Ni ma da laifina da na bi shi."

Baba ya daɗe yana kallon bangon da ke gabansa. Da ya buɗe baki, ba ni ya kalla ba, ba kuma ƙanena ba.

"Na fi shekara talatin a kan katanga," ya ce. "Mutane da yawa sun yi mini jifa, har da na birni da ake ji da su. Ban taɓa ganin mai hannun wancan ba. Shi ya sa ban yarda ya hau sama ba, in ya hau wa zai jefo mini? Tun yana yaro ban ga tubali ya suɓuce masa ba." Sannan ya ce, "Yau ma bai suɓuce ba."

Ya tashi ya ɗauki butarsa ya fita. Ƙanena ya rufe ido, ban sani ba ko don zafin hannu ne ko don kada ya kalle ni.

Maganar da na yi shekaru ina jira ke nan, kuma na same ta, ta ma fi yadda na roƙa. Baba bai sake faɗin irinta ba har ya koma ga Allah. Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Ina zaune a bakin ƙofar nan, ƙanena yana nishi da karyayyun yatsu taku uku daga inda nake, kafin kunya ta rufe ni sai da na ji daɗi.